Shafinmu ya fi ƙarfin masaukinsa, kuma jikka 40 ce kawai a hannunmu

Mushe Mutari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. An wuni lafiya, ya zafi? Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja magana.

Wasunku sun san shafin intanet ɗin nan da muka buɗe shekara biyu da suka wuce, ni da abokan aikina uku, inda muke zuba tsofaffin takardun jarrabawar BEPC da BAC tare da gyaransu. Da muka fara, ɗalibanmu ne kaɗai ke shiga, ba su fi yara 50 ba. Yanzu abin ya wuce mu. Daga Mirya ake shiga, daga Magarya, Matamai, Tanut, har wani malami ya kira ni daga Gure ya ce da takardunmu yake yi wa ƴan ajinsa bita. Alhamdu lillahi. To amma kowane allazi da nasa amanu.

Tun farkon watan nan, da an idar da sallar isha'i sai shafin ya ƙi buɗewa, farin allo da lamba 508. Da safe kuma ya dawo garau kamar ba shi ba. Shekaranjiya kamfanin da muke hayar masaukin shafin a wurinsu suka aiko da wasiƙa, wai mun wuce iyaka, ko mu hau matakin sama wanda kuɗinsa ya ninka namu sau uku, ko su dakatar da mu. Abin da ya ɗaure mani kai, ranar da muka saya an rubuta ɓaro-ɓaro cewa babu iyaka.

Abin da ke asusunmu jikka 40 ne, ko tamma ba ta hau kai ba, shi ma karo-karo ne daga albashin ɗan kwantiragi, kun san yadda yake. Jarrabawa saura wata biyu. Ina za mu koma?

Ila:
Wa alaikumus salam Mushe. Ni ban ga abin tada hankali ba. Akwai masu ba da masauki kyauta birjik, ka kwashe kayanka ka koma can, jikka 40 ɗin ku sha shayi da ita a fada.

Nana Mariyama:
Ila don Allah kar ka jefa bawan Allah a rami. Ina 000webhost da kowa ya koyi aiki a kansa? An rufe shi a 2024. Heroku ta daina bayar da na kyauta tun ƙarshen 2022. Masu sunayen shafi na kyauta irin su .tk da .ml da .ga kuwa, da Freenom mai raba su ta tsaya a 2023 mutane nawa suka wayi gari ba su da adireshi? Don gwaji da koyo, na kyauta ba laifi. Amma ba a ɗora yara masu jarrabawa a kan zanen aro.

Ila:
To Allah ya ba da haƙuri, injiniya. Ni dai araha na ji ana nema.

Laminu:
Mushe ka biyo ni ta gefe mu yi magana. Ina da masauki mai ƙarfi, jikka 15 shekara, babu iyaka, kuma ni da kaina zan kwashe maka kayan.

Sa'idu:
Laminu, a matsayina na mai kula da gidan nan, ka san doka. Mai talla ya yi ta a fili kowa ya gani. Ka faɗa mana sabarka, wato injin da ake ɗora shafukan a kai, tana wace ƙasa, shafi nawa ka ɗora a kanta, kuma idan ta faɗi ƙarfe biyun dare wa za a kira. In ka amsa waɗannan, bismilla.

Laminu:
Sabar tana Turai. Sauran kuma sirrin kasuwa ne.

Sani Maraɗi:
Sirrin kasuwa, wai! Mutum shina kukan "babu iyaka" ta cuce shi, kai kuma ka zo mishi da wata "babu iyaka". Gudun gara kenan a faɗa gidan zago.

Nana Mariyama:
Mushe, kafin a yi maganar ƙaura ina da tambayoyi. Da WordPress kuka gina shafin? Takardu nawa ne a ciki, kuma kowace ɗaya nauyinta mega nawa? Da me kuke ɗaukar hotonsu? Sannan wannan ta ƙarshe ita ce babba: idan yaro ya danna don ya sauke takarda, kai tsaye take sauka, ko akwai wata ƴar manhaja da kuka ƙara wadda ke ƙirga mutum nawa suka sauke?

Mushe Mutari:
Na gode ƙanwata. Eh, WordPress ne. Takardu sun kai 600 da ƴan kai, duka-duka giga 5 da wani abu. Da salula muke ɗauka, mai launi, don ya fito da kyau. Yawanci mega 8 zuwa 12 kowace. Ƴar manhajar ƙirgan kuwa akwai ta, ni ma na saka ta da hannuna, don ina son in riƙa ganin wace takarda aka fi nema. Lissafin Terminal D ne kullum a gaba.

Nana Mariyama:
To Mushe, ga ɓarawonku nan, kuma a cikin gida yake.

Irin masaukin da kuke ciki kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, famfo ɗaya. Saba guda ce, an raba wa shafuka ɗaruruwa. Da suka ce babu iyaka, faɗin ɗakin suke nufi, wato wurin zuba kaya. Amma ƙarfin injin da yawan mutanen da za a yi wa hidima a lokaci guda, wannan a ƙayyade yake, yana can cikin dogon sharaɗin da kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba. A wurare da yawa ƙofofi kamar 20 ake ba kowane ɗan haya. Lamba 508 ma'anarta ƙofofinka duka sun cika.

Da a ce yaro kai tsaye yake ɗaukar takarda, ba ya tare ƙofa. Amma ƴar manhajar nan taku ita ke karɓo takardar ta miƙa masa, kuma ba ta sakin ƙofar sai ya gama saukewa. Yanzu ka ƙaddara yaro a Tanut, sanda biyu gare shi na rezo, yana jan mega 10. Minti nawa zai yi? Duk tsawon lokacin nan ƙofa ɗaya tana hannunsa. Yara 20 irinsa bayan isha'i, lokacin da kowa ya samu sukuni ya ɗauki salular gida, shi kenan an rufe kasuwa. Shi ya sa da safe kuke ganinsa lafiya, suna aji.

Ko kun koma wani kamfani da wannan kayan a haka, wata ɗaya ba zai cika ba za ku sake ganin irin wasiƙar nan.

Mushe Mutari:
Inna lillahi. Ashe ni da kaina na tare ƙofar. Mu malaman lissafi da son ƙirga!

Abdu Yamai:
Bayanin Nana daidai ne, amma ni ina ganin lokaci ya yi da za ku fita daga gidan haya. Ku ɗauki VPS, wato yankin saba naku na kanku, ba mai ƙirga maku ƙofa. Kamfanoni irin su Hetzner a Jamus ko OVHcloud a Faransa suna da ƙanana masu araha. A ce ma yuro 5 a wata. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, ba ya hawa ba ya sauka, kenan sefa 3.280 a wata, shekara ba ta kai jikka 40 cif ba. Kuɗinku ya isa.

Sani Maraɗi:
Ya isa, sannan sunan shafin da mi za su sabunta shi? Kuma Abdu ka faɗi gaskiya duka. VPS fili ne anka ba ka, babu gini babu ƙyaure. Kai za ka saka Linux, manhajar da ke tafiyar da injin, kai za ka saka ma'ajiyar bayanai, kai za ka toshe ƙofofi, kai za ka bi sabuntawa duk wata. Mu da munka yi ma wata ƙungiya haka, wata huɗu ba wanda ya leƙa, sai munka tarar an shiga ana aika wasiƙun damfara da sabarmu. Mushe alli gare shi a hannu tun safe har azahar, ga gyaran takardun yara da dare. Yaushe zai zauna gaban baƙin allo shina buga umarni?

Abdu Yamai:
Ana koyo ai. Kowa da haka ya fara.

Sani Maraɗi:
Ana koyo, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu ya rage.

Habibu:
Ni kam duk kun yi nisa. Me ya sa sai mun kai kuɗinmu waje? Ina da tsohuwar kwamfuta mai ƙarfi a shagona, ga fano a kan rufi, ga Starlink yanzu ta shigo ƙasa. Mu mai da ita saba, a ajiye ta nan Damagaram, kowa ya huta.

Abdu Yamai:
Habibu, a watan Afrilu? Kwamfutar da za ta kwana ta wuni a kunne cikin zafin da ya haura 40, ga ƙura tana shaƙa. Kuran ya ɗauke, batir ya yi sanyi ƙarfe ukun dare, sai ka tashi ka tada gurup saboda yaro a Magarya yana son takardar falsafa? Kuɗin esans na wata ɗaya ya fi kuɗin masaukin shekara. Ban da haka, layin Starlink na gida ba ya ba ka adireshin IP naka kai kaɗai wanda za a same ka daga waje, sai an bi ta wasu dabaru.

Habibu:
To naji. Amma maganar kishin ƙasa fa? Kun manta 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, intanet ya rikice a ƙasashen yankin nan har da mu? Ranar duk wanda shafinsa ke Turai ya ji a jikinsa. Muna da .ne namu na Nijar, yana hannun Niger Telecom, amma kowa sai .com.

Nana Mariyama:
Yaya Habibu, maganarka tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ka haɗa abu biyu. Suna daban, masauki daban. Kana iya riƙe .ne alhali sabarka tana Faransa, kana iya riƙe .com sabarka tana Yamai. Sunan kamar lambar salula ne, masaukin kamar ita salular. Ranar da muka samu wurin ajiyar saba a gida mai tsayayyen kuran da sanyi da farashin da malamin makaranta zai iya, ni ce ta farko a layi. Amma wannan muhawarar wata rana ce. Yau jikka 40 muke wa dabara.

Baba Habu:
Salamu alaikum ƴaƴana. Ni tsohon malami ne, na ajiye alli shekara tara ke nan, rabin abin da kuke faɗa ban gane shi ba. Jikana ne ya sa ni a nan. Amma na gane abu ɗaya, yarinyar nan Nana ta ce kayan ne suka yi nauyi. To in jaki ya kasa tashi, kafin a sayi raƙumi ai sai a duba ko duwatsu ne a cikin mangalar. A zamaninmu takardar jarrabawa baƙi da fari ce a kan sitansil, kuma mun karanta mun ci. Launin na mene ne, Mutari?

Mushe Mutari:
Baba, ranku ya daɗe, wallahi ba na komai ba ne. Ado ne kawai.

Hajiya Rabi:
Ado da kuɗinmu! Mushe ka yafe ni, amma tunda an zo wurin bari in faɗa. Ɗiyata tana 3e, kullum da dare sai ta karɓi salulata. In saka mega da yamma in ce zai kai ni jibi, kafin in kwanta an aiko mani saƙo ya ƙare. Na yi ta yi mata faɗa ina cewa bidiyo take kallo, tana rantsuwa takardu take saukewa. Ashe yarinyar gaskiya take faɗa. Takarda biyar mega 50!

Nana Mariyama:
Hajiya ki ba ta haƙuri. Mushe ga aikin da zan ba ku, ba ko dala a ciki.

Ku cire ƴar manhajar ƙirgan nan yau, yau ɗin nan, kowace takarda ta koma adireshinta kai tsaye. Sannan ku matse takardun. Shafin rubutu da aka ɗauka baƙi da fari a 150 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, ana karanta shi tsaf, kuma takardar da ke mega 10 tana iya dawowa ƙasa da mega ɗaya. Wanda ke da kwamfuta ya yi da Ghostscript, yana matse ɗaruruwa a zama ɗaya. Wanda ba ya da ita ya yi da iLovePDF a salula, sai dai shi yana cin mega don sai an tura an sauko. Ku lura da na SVT da labarin ƙasa masu zane da taswira, su kar a matse su da yawa, sai a bar su da toka-toka. Ku buɗe kowace ku duba kafin ku goge ta asali, kar alamar lissafi ta narke yaro ya ɗauki ragi a matsayin daidai.

Ka yi lissafin da kanka Mushe, fanninka ne. A ce an sauke takarda sau 3.000: mega 10 sau 3.000 giga 30 ne. Rabin mega sau 3.000 giga ɗaya da rabi.

Bayan haka ku saka manhajar da ke ajiye shafukan a shirye, irin WP Super Cache, don kar injin ya riƙa dafa tuwo sabo ga kowane baƙo. Na ƙarshe, ku bi da shafin ta Cloudflare, tsarinsu na kyauta ya ishe ku. Suna da saba a birane da yawa har da Legas, suna riƙe kwafin takardun PDF, yawancin masu saukewa ma ba za su taɓa sabarku ba.

Ila:
Af, ashe ke ma kyautar kike so. Ni da na faɗa aka yi mani ca.

Nana Mariyama:
Da bambanci Ila. Wannan in sun rufe gobe, minti goma ka cire su shafinka na nan. Naka kuwa gidan gaba ɗaya ka ce a kai can.

Ila:
To me zai hana a zuba takardun a Google Drive a huta? Giga 15 kyauta.

Abdu Yamai:
Don ajiya yana da kyau. Don rabawa jama'a kuwa, idan mutane suka yi wa takarda ɗaya rubdugu, Drive yakan toshe ta ya ce a dawo bayan awa 24. Ka ga daren jajibirin jarrabawa kenan. In dai ana son a raba takardu da shafi, wurin ajiya na Cloudflare R2 ya fi, giga 10 na farko kyauta kuma ba sa cajin saukewa, amma sai ka saka katin banki kafin su buɗe maka. Tashar Telegram ma tana ɗaukar takardu, sai dai yaranmu WhatsApp suka sani.

Sani Maraɗi:
Tunda an ambaci kati, Mushe ka yi hattara da wannan ko da ka tashi ƙaura. Ni katin da wani banki ya ba ni, sau uku ina biya ana maido ni, sai da na je ofishinsu na wuni kan benci kafin su buɗe mani biyan waje. Ka gwada katinka tun da sauran kwana, ba ranar da wa'adi ya cika ba. Kuma ka duba farashi da kyau. Wanda anka rubuta da manyan baƙaƙe, yuro 3 a wata, sai ka biya wata 48 a dunƙule, yuro 144 kenan, sama da jikka 94. In wa'adin ya ƙare kuma sabuntawa ta ninka. Farashin sabuntawa shi ne farashin gaskiya, shi za ka tambaya.

Abdu Yamai:
Ƙari a kan na Sani: kamfanonin Faransa sukan nuna farashi da harajin TVA na kashi 20 a ciki. Kai da ke Nijar, in ka saka adireshinka na gaskiya, galibi ba a ɗora maka shi. Kuma in da zaɓi ka ɗauki mai yuro a kan mai dalar Amurka, don dalar tana motsi, kasafinka na iya tashi bana ya wuce na bara ba tare da an ƙara maka komai ba.

Habibu:
Akwai na Nijeriya ma da ake biya da naira. Ni ƙanena a Kano yake tura masu ta banki, ni kuma in ba shi sefa. Ba ruwanka da katin waje.

Mushe Mutari:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Na cire manhajar ƙirgan tun ɗazu, yanzu ƙarfe tara da rabi kuma shafin yana buɗewa. Amma na je yin rajistar Cloudflare ɗin, sun ce sai na shiga wurin da aka sayi sunan shafin na canza wasu adireshi biyu. To gaskiya ba ni na sayi sunan ba. Wani tsohon ɗalibina ne ya saya mana da katinsa da imel ɗinsa, mu muka ba shi kuɗin. Bara ma shi ya sabunta. Yanzu kuwa ya tafi Jado wurin zinariya tun bayan babbar salla, lambarsa ba ta shiga.

Sani Maraɗi:
Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Nana Mariyama:
Mushe!! Wannan ita ce maganar da ya kamata ka fara da ita. Masauki ko yau aka kore ku, gobe kun samu wani. Amma sunan nan shi yara suka haddace, shi ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp, shi Google ya sani. A idon kamfanin da ya sayar, wanda imel ɗinsa ke kai shi ne mai shi, ba ruwansu da wa ya ba da kuɗi. Ka shiga kowane shafin WHOIS ka rubuta sunan, zai nuna maka ranar ƙarewa. Faɗa mana yanzu.

Mushe Mutari:
Na duba. Saura kwana 41.

Abdu Yamai:
Wato kafin jarrabawa. In ya ƙare shafin zai ɗauke. Akan ba da ƴan makonni a sabunta, bayan nan a shiga wasu kwana 30 na fansa da tara mai tsada, sannan a sake shi kasuwa. Kuma suna mai baƙi da yawa irin naku akwai masu dakon irinsa, suna saye su cika shi da tallan caca. Ka ƙaddara ɗiyar Hajiya ta buɗe neman takardar lissafi ta tarar da wannan.

Hajiya Rabi:
A'uzu billahi. A nemo yaron nan ko ina yake.

Laminu:
Da wurina kuka saya da duk haka ba ta faru ba.

Sa'idu:
Laminu, kai da sunan wa kake yi wa mutanenka rajista, naka ko nasu?

Laminu:
Nawa, don in sauƙaƙa masu.

Sa'idu:
To ka ji. Allah ya kyauta.

Baba Habu:
Mutari, turo mani sunan yaron da na mahaifinsa ta gefe, kar ka rubuta a nan. In dai ɗan Birni ne ko Garin Malam, da wuya in rasa wanda ya san gidansu. Masu zuwa Jado ba sa yanke zumunci da uwa, akwai lambar da suke kira da ita ko ta wani ce. Ku ku yi naku na inji, wannan ku bar mani.

Nana Mariyama:
Allah ya ƙara girma Baba. Mushe, in an same shi ga abin da za ka roƙa, ka rubuta a takarda don layin can ba ya jimawa. Ya shiga asusunsa ya cire makullin sunan, ya turo maka lambar canja wuri, ana ce mata EPP. Kai kuma ka buɗe asusu da imel ɗinku na aikin, wanda ku huɗun kuka san kalmar sirrinsa, ka jawo sunan can. Yakan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai, kuma kuɗin da za ka biya yana ƙara maka shekara guda. Kar ya fara canza sunan mai shi ko imel kafin a jawo, don wasu kamfanoni suna kulle suna kwana 60 in an yi haka. In kuwa rezo bai bar shi ya yi duk wannan ba, ya ba ka kalmar sirrin kawai ka yi da kanka.

Kuma tun daren nan ka kwafe komai. Ka saka UpdraftPlus ya tura kwafin shafin Google Drive, takardun kuma a zuba su a kile biyu, ɗaya wurinka ɗaya wurin abokin aikinka. Kar ka ce ai kamfani na ajiyewa. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ginin saba guda sukutum na OVH a Strasbourg, kamfani babba a tsakiyar Turai, kuma waɗanda kwafinsu ke cikin ginin nan tare da shafinsu sun rasa duka biyun.

Hajiya Rabi:
Tambaya ɗaya Mushe. Da ɗiyata ta fara shiga, an ce ta rubuta sunanta da lambar waya da makarantarsu. Lambata ta saka. Waɗannan suna ina, kuma wa ke ganinsu?

Mushe Mutari:
Suna cikin shafin Hajiya, ni kaɗai ke gani. Da niyyar mu riƙa aika masu sanarwa ne, ba mu taɓa yi ba ma.

Abdu Yamai:
To ku goge su ku cire rajistar. Lambobin yara ƙanana amana ce mai nauyi, kuma akwai doka a kai, hukumar kare bayanan mutane ta HAPDP aka kafa don wannan. Ga shi kuma duk wanda ya shiga da sunansa, manhajar ajiye shafukan nan ba ta yi masa aiki, injin sai ya dafa masa nasa daban. Kun ga riba biyu.

Mushe Mutari:
Salamu alaikum. Yau kwana tara, na ga ya kamata in dawo da bayani.

Mun zauna mu huɗu Asabar da Lahadi a shagon Habibu, shi ya ba mu kwamfuta da kuran, har da shayi. Takardu 600 da ƴan kai sun dawo mega 430 daga giga 5. Guda 17 sai da muka sake ɗaukar hotonsu don zanen ya dushe, yawanci na SVT kamar yadda Nana ta faɗa. Rajista mun cire, lambobi mun goge. Tun daren nan ban sake ganin 508 ba. Na rubuta wa kamfanin na ce su sake duba mu, suka amsa da layi ɗaya cewa komai ya daidaita. Saboda haka muna nan inda muke har bayan jarrabawa, in an yi hutu Abdu ya yi alkawarin zai koya mani VPS ɗin a tsanake.

Maganar suna kuwa, Baba Habu ya cika alkawari. Kwana uku ya samo kawun yaron a kasuwar Dole, kawun ya kai shi wurin mahaifiyar, ita ta ba da lambar wani mai shago a can da suke kira ta wurinsa. Shekaranjiya da dare yaron ya turo mani saƙon murya, iska na kaɗawa da ƙyar nake jin sa, yana ta ba da haƙuri. Kalmar sirrin ya karanto mani harafi-harafi, sau biyu ina kuskure saboda ban san ko babban baƙi ba ne ko ƙarami. Na shiga, na ciro lambar, na biya. Yanzu an rubuta ana kan canjawa. Abin da ya rage a asusu jikka 31 da ɗari biyar.

Hajiya, jikka 10 da kika aiko ta Nita ta iso, Allah ya saka. Mun ce za mu buga takardun lissafi da ita a kai wa yaran ƙauyen da ba su da salula.

Nana Mariyama:
Madalla. In sunan ya iso ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, kuma ka rubuta ranar a bangon ofis, don kati yakan mutu ba a sani ba. Sai mu yi Cloudflare ɗin tare, minti goma ne.

Baba Habu:
Mahaifiyar yaron ta ce in ya sake kira a gaya masa ya turo hotonsa ta gani, wai an ce ya rame.

Ila:
Mushe, gyaran falsafa na Terminal A na 2019 shafi na biyu a kife yake. Ƙanwata ta ce sai ta juya salula take karantawa.

Mushe Mutari:
Na gani Ila. Bari in fito daga aji.